Allon kwamfuta nawa mai aikin haraji yake buƙata, kuma me zai duba kafin ya saya

Aikin haraji, in aka cire maganar doka da sashe da ƙaramin sashe, kwashe lamba ne daga wani wuri zuwa wani. Lamba ta fito daga takardar banki ko rasit, ta shiga jadawalin Excel, daga can ta faɗa cikin fom a shafin hukumar haraji. Mafi yawan kurakuran da nake kamawa a aikin yaran ofishina a kan wannan hanyar suke faruwa: ido ya ga 1,650,000, yatsa ya buga 1,560,000. Mai allo ɗaya dole ya ɓoye wannan takarda ya buɗe waccan, lambar tana riƙe a kansa, a daidai lokacin kuma waya ta yi ƙara ko wani ya yi sallama a bakin ƙofa. Amfanin allo na biyu shi ne lambar ta zauna a gabanka har ka gama buga ta. Duk sauran daɗin da ake faɗi ƙari ne.

Ofishina a Gombe yake, a saman bene wajen Sabon Layi. Waɗanda nake yi wa aiki 'yan kwangila ne, da masu makarantun kuɗi, da masu kemis, da wasu dillalan hatsi na Tudun Hatsi da suka yi wa kasuwancinsu rajista. Abin da zan faɗa na irin wannan ofishin ne, mai mutum biyu ko uku, inda wuta take zuwa ta tafi, kuɗin kayan aiki kuma daga aljihun mai ofis yake fitowa.

Ka fara da ƙirga takardun da kake buƙatar gani a lokaci guda. Wanda aikinsa harajin albashi ne kawai, wato PAYE, abu biyu yake kallo: jadawalin albashi da fom ɗin hukumar haraji ta jiha. Allo biyu ya ishe shi har ya yi ritaya. Mai haɗa VAT na wata-wata, wato harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, abu uku ne a gabansa, takardun ciniki da aka ɗauka a hoto, da Excel, da shafin hukumar tarayya, wanda aka buɗe a 2021 da sunan TaxPro Max. Mai haɗa harajin kamfani na shekara shi ya fi kowa tarin takardu, don ga rahoton odita, ga lissafin rangwamen kadarori, ga fom ɗin bara da yake son ya gwada da na bana. Sannan ga sababbin dokokin haraji da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, masu fara aiki daga Janairun 2026, waɗanda suka mayar da hukumar haraji ta tarayya daga FIRS zuwa NRS, suka cire haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum yake samu a shekara, suka kuma kawo rangwamen kuɗin haya a madadin tsohon rangwamen da muka haddace. Duk wanda zai lissafa shekarar 2025 da tsohuwar doka, ya lissafa ta 2026 da sabuwa, yana son dokar kanta a buɗe a gefe. A nan allo na uku yake samun aikin yi.

Na huɗu kuwa, ni dai ban ga ranarsa ba. Na ga ofishin da aka jera huɗu a kan tebur, biyu daga ciki WhatsApp da labaran ƙwallo suke nunawa. Wuya ma ba ya son yawan waige.

Kafin ka je kasuwa, juya kwamfutarka

Mutane da yawa allon suke fara saya, su kawo ofis, sannan su tarar babu inda za su soka shi. Kamar a ɗinka wa yaro kayan Sallah ba a gwada shi ba. Ka juya bayan kwamfutar ka ƙirga kafofin da ke fitar da hoto. Iri huɗu za ka fi gani. VGA ita ce shuɗiya mai ƙusoshi biyu da ake murɗawa, tsohuwar yayi ce, tana aiki amma rubutu ba ya fita tas a babban allo. HDMI kowa ya san ta daga talabijin. DisplayPort ta yi kama da HDMI sai dai kusurwarta ɗaya ce a yanke, wasu wayoyinta kuma suna da ɗan maɓalli da sai an danna kafin a zare. Kada ka fizge ta da ƙarfi. Sai USB-C, 'yar ƙaramar nan irin ta cajar waya, wadda take yaudarar mutane, domin ba kowace ce take fitar da hoto ba. Wata caji da kwafar fayil kawai take yi. Ka duba ko akwai alamar walƙiya ko harafin D a gefenta, in babu, ka nemi lambar kwamfutar a intanet ka karanta abin da kamfanin ya ce.

Kwamfutocin tebur na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, yawancinsu daga ofisoshin Turai da Amurka aka kwaso su, kuma don irin wannan aikin aka ƙera su tun farko. Da yawa suna zuwa da DisplayPort biyu, wasu har da VGA ko HDMI a kai, kuma suna iya ɗaukar allo biyu zuwa uku ba tare da an ƙara musu katin hoto ba. Kada mai shago ya sayar maka da katin hoto na 'yan wasan gem. Excel da takardar PDF ba sa buƙatarsa, wuta kawai zai sha ya ƙara wa ɗaki zafi.

Mai laftof yana da allo ɗaya a hannu, HDMI ta ba shi na biyu. In yana son na uku, sai dai ta USB-C mai fitar da hoto, ko ta akwatin nan da ake kira docking station, wanda ake jona wa laftof shi kuma ya ɗauki alluna. Akwai masu amfani da fasahar DisplayLink, suna tura hoto ta USB ta yau da kullum bayan an sa musu manhajarsu. Ga aikin takardu sun wadatar. Masu MacBook Air mai M1 ko M2 su sani cewa allo ɗaya tak take ɗauka daga waje in ba an bi ta irin wannan akwatin ba.

Abu ɗaya nake roƙon kowa ya kiyaye. Akwai wani ɗan akwati mai arha da ake kira sifilita, waya ɗaya ta shiga, biyu su fita. Masu gidan kallon ƙwallo aka yi wa shi. Hoto ɗaya yake rabawa ga talabijin biyu, don haka abin da ke allon dama shi za ka gani a na hagu, ba ƙari ba ragi. Wani ɗan'uwa akanta ya kira ni da dare yana cewa, "Yaya, na haɗa komai amma duka biyun abu ɗaya suke nuna min." Na ce ya karanto min abin da aka rubuta a jikin kwalin. Sifilita ce. Haka kuma 'yar mahaɗar da ke juya DisplayPort zuwa HDMI hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI. In kwamfutarka ce mai HDMI, allon kuma DisplayPort kawai gare shi, wata mahaɗar daban kake buƙata, mai tsada kaɗan.

Tunda an juya kwamfutar, a duba cikinta ma. RAM, wato ma'ajiyar da take riƙe abin da ke buɗe, 8GB shi ne mafi ƙaranci, 16GB ya fi kwanciyar hankali, don mai allo uku ba ya rufe komai, burauza da shafuka goma, Excel uku, PDF mai shafi ɗari. A sa mata SSD, wato faifan ajiya mai sauri, in tsohon faifai ne a ciki. Kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa tana son injin Intel na zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutar da za ta riƙe lambobin haraji da bayanan bankin mutane bai kamata a bar ta ba gyaran tsaro ba, saboda haka in sabuwa za ka saya ta hannu, kada ka sauka ƙasa da haka komai arharta.

Sai maganar wuta

A garinmu wannan ita ce take yanke hukunci. Allo mai inci 24 na zamani, mai hasken LED, wat 20 ko kusa da haka yake sha, in ka rage haskensa ma ya yi ƙasa. Biyu na awa takwas sun ci kamar wat-awa 320. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma in irin na ruwa ne rabin wannan kawai ake so a sha in ana son ya yi ƙarko. Ka ƙara abin da kwamfutar kanta take ci da fanka da na'urar intanet, za ka ga ko inbatarka za ta kai ka la'asar. Tsofaffin allunan nan masu kauri da ake sayarwa da arha, masu dogon ƙwan fitila a ciki maimakon LED, suna iya shan ninkin na LED, ga zafi. In ka ɗora tafin hannu a saman allo bayan ya yi rabin awa a kunne ka ji ɗumi sosai, bar musu kayansu.

Mai kwamfutar tebur dole ya sami UPS, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, ko da yana da janareta, don 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin inji sun isa su tafi da fom ɗin da ka yi awa guda kana cikawa. Ka jona mata kwamfutar da allo ɗaya, babban, da na'urar intanet. Sauran allunan su mutu in an ɗauke wuta, ba komai, sau da yawa Windows takan kwaso tagoginsu ta dawo da su kan wanda ya rage. Firinta mai leza kada ta kusanci UPS, tana jan ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama. A wannan fannin mai laftof ya fi kowa morewa, batirinsa shi ne UPS ɗinsa, shi ya sa nake ba wanda yake farawa shawarar laftof mai kyau da allo ɗaya ko biyu a gefe.

Girma da kaifin rubutu

Inci shi mutane suke tambaya, alhali yawan ɗigon da ke cikin allon shi ne yake nuna layi nawa na Excel za ka gani. Talabijin mai inci 32 da yawa ɗigonsu 1366 da 768 ne, daidai da ƙaramar laftof. Ka jona ta ka ga lambobi sun yi ƙato-ƙato, gefensu ya yi dishi-dishi, layukan da kake gani kuma ba su ƙaru ba. Talabijin ta zauna a falo.

Ga abin da nake ba da shawara. Inci 24 mai ɗigo 1920 da 1080 shi ne na kowa da kowa, yana da sauƙin samu, rubutu yana fita daidai ba sai an taɓa komai ba. In ka ci karo da mai 1920 da 1200, irin Dell U2412M, ɗauke shi, wannan ɗan ƙarin tsawon layuka ne na jadawali. Sai dai shi ba shi da HDMI, DisplayPort da DVI da VGA gare shi. In inci 27 kake so, ka nemi mai 2560 da 1440. Inci 27 mai 1080 girman banza ne, an dai buɗa ɗigon ne kawai. Mai 4K yana da kyau ga ido, amma dole ka sa Windows ta ƙara girman rubutu, wasu tsofaffin manhajojin lissafi kuma sai su rikice, rubutu ya fita daga akwatinsa. Kuɗin da za ka ƙara a kansa gara ka sa a batir.

Ka nemi wanda aka rubuta IPS a bayaninsa. Ɗaya irin, TN, launinsa yana canzawa in ka kalle shi ta gefe, allon gefe kuwa kullum ta gefe ake kallonsa. Layin da ka shafa wa ruwan ɗorawa mai haske don ka tuna ba a biya ba sai ya ɓace maka. Fuskar allon kuma ta zama marar ƙyalli. Ranar Gombe a watan Maris in ta shigo ta taga, allo mai ƙyalli madubi yake komawa. Maganar saurin hoto, 144Hz da ire-irensa, ta 'yan gem ce, 60 ya ishe ka.

Abin da na fi ba muhimmanci, wanda kuma masu saye suka fi mantawa da shi, ƙafar allon ce. Ka sami aƙalla ɗaya wanda ake iya juya shi ya tsaya a tsaye. Takardar A4 tsawonta santimita 29.7, faɗinta 21. Allo mai inci 24 a kwance tsawonsa bai wuce santimita 30 ba, in aka cire saman manhaja da ƙasanta, shafi ba ya fita cikakke sai an ƙanƙanta shi. In ka tayar da shi tsaye kana da kusan santimita 53 daga sama zuwa ƙasa. Takardar banki ta fito gaba ɗayanta, daga sunan asusu har jimillar ƙarshe, ba gungurawa. Ga mai bin shigar kuɗi layi-layi yana neman wanda aka cire wa harajin riƙewa, wato wanda mai biya yake cirewa kafin ya biya kuɗin, wannan shi ne bambancin gamawa kafin Magariba da kwana a ofis. Dell masu lambar P, kamar P2419H, da HP EliteDisplay E243 duk suna juyawa, suna kuma hawa da sauka. Masu kawo kayan hannu sukan raba allo da ƙafarsa wajen lodi, su haɗa maka da wata ƙafar da ba tasa ba. Ka juya shi da hannunka a shagon. In babu ƙafar kirki, duba bayansa ko akwai ramukan ƙusa huɗu, tazarar santimita 10 ko 7.5, waɗanda ake ɗaura hannun ƙarfe a kansu a maƙala a tebur.

Yadda na jera nawa: na tsakiya a kwance, Excel ne a kansa kullum, shi ne saitin hancina. Na hagu a tsaye, na takardun da abokin hulɗa ya kawo. Laftof a dama, a kan ɗan katako da kafinta ya yi min don ta daidaita da sauran, shafin hukuma ne a kanta. Hagu zuwa dama, yadda lambar take tafiya. In za ka sayi biyu a lokaci ɗaya, su zama iri ɗaya, don farin wani kamfani ba farin wani ba ne, ido kuma yana gajiya da wannan ba ka sani ba. Ka auna teburinka tukuna, biyu masu inci 24 a kwance suna cin kusan santimita 110, ga fayil-fayil da kalkuleta suna jiran wuri.

A shagon mai kayan hannu

Ko a nan Gombe ka saya, ko ka aika Kano, ko a ɗoro maka daga Computer Village ta Ikeja, ƙa'idar ɗaya ce, kada kuɗi ya fita sai an kunna. Tafi da laftof ɗinka da wayarka ta HDMI. Kafin ka bar ofis ka shirya hotuna biyar, fari fat, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi. Ka cika allon da kowanne, ka matso da fuskarka kusa. A kan fari za ka ga ɗigon da ya mutu, baƙi ɗan mitsitsi kamar kan allura, da tabon da ke nuna an danne allon a cikin kwantena. A kan baƙi za ka ga hasken da ke tsiyaya ta gefe. Ɗigo ɗaya a can kusurwa ba abin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Amma ɗigo a tsakiya, a wajen mai aiki da lambobi, wata rana zai zama aya tsakanin sifili biyu. Layi siriri daga sama har ƙasa kuwa ba ya gyaruwa, ƙaruwa yake.

Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan ai gired wan ne, ko kwali bai daɗe da fita ba." Ka ce, "To madalla, Malam, bari mu gwada kafofin duka." Ka soka kowace kafa, ka ɗan girgiza wayar ka ga ko hoto zai ɗauke. Ka danna maɓallan rage haske, don allon da ya maƙale a kan cikakken haske azaba ne da dare. A bayansa akwai takarda mai watan da shekarar da aka ƙera shi, karanta. Ka bar shi a kunne kuna hira kamar minti goma sha biyar, wasu sai sun yi zafi suke fara ƙyaftawa. Ka duba bakin wayar wutarsa, na Amurka ba ya shiga soket ɗinmu, gara a canza wayar gaba ɗaya da a riƙa lallaɓa adafta mai tartsatsi. Sannan a rubuta maka rasit da lambar allon da kwanakin da za ka iya dawo da shi. Kai da kake damun mutane su ajiye rasit, kuma kayan ofis kadara ce da za ta shiga lissafinka.

In aiko maka za a yi a mota, a ɗauki bidiyon wannan gwajin a turo maka, lambar allon tana fita a ciki, a kuma naɗe fuskarsa da kwali mai kauri. Kada a ɗora shi a but a ƙarƙashin buhu.

Haɗawa ba ta da wuya. Ka jona, ka danna maɓallin Windows da P tare, ka zaɓi Extend. In ka bar shi a Duplicate ka koma gidan sifilita. Ka shiga saitin allo, za ka ga akwatuna masu lamba 1, 2, 3, ka ja su su jeru yadda suke a teburinka don linzami ya riƙa tsallakawa ta inda ya dace, a nan ne kuma za ka gaya wa Windows wanne ne yake tsaye. Windows da Shift da kibiya suna jefa taga daga allo zuwa allo. Daga Excel na 2013 zuwa sama kowane fayil da tagarsa, in kuma shafi biyu na fayil ɗaya kake son gani, akwai New Window a ƙarƙashin View. Saman allo ya yi daidai da idonka, nisansa kamar tsawon hannu, hasken duka ka daidaita shi ya yi kusa da na farar takarda a ɗakin.

Inda allon yake fuskanta ma abin lura ne. Allo a tsaye mai nuna takardar bankin wani Alhaji ana karanta shi daga bakin ƙofa, mutanen gari kuma sun san juna. Wanda ya zo karɓar takardar shaidar biyan harajinsa bai kamata ya tafi da labarin cinikin maƙwabcinsa ba, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ka sa bayan allunan ya kalli ƙofa da kujerar baƙi, in za ka tashi salla ka danna Windows da L. Lokacin hunturu a rufe su da ƙyalle in an tashi, a goge da tsumma mai laushi, ba a fesa ruwa kai tsaye a kan gilashin.

Lokacin saye kuma ka duba kalandar aikinmu. Bayanin albashin ma'aikata na shekara 31 ga Janairu ne, na ɗaiɗaikun mutane 31 ga Maris, kamfanonin da ke rufe littafi a Disamba 30 ga Yuni, VAT kuma kowane 21 ga wata yana nan yana jira. Kada ka kawo sabon kaya ana saura mako ɗaya wa'adi ya cika, don waya ɗaya da ba ta dace ba tana iya cinye maka yini biyu kafin a aiko da wata. Watan Agusta zuwa Nuwamba ya fi, hannu ya saba da jerin kafin aiki ya taso. In kuɗin bai kai na biyu ba, sayi mai juyawa tsayen tukuna ka haɗa da laftof ɗinka, na tsakiyar ya biyo baya in an biya ka kuɗin aikin Janairu.